Shekarar da Inna ta Kira Sunana

Na ji wasunku suna cewa likitan Maradi ne ya ruɗe mu a kan ciwon kakarku, wai ya ce ba komai alhali kuwa da komai. Maganar ta daɗe tana yawo a gidajen suna da na biki har ta kusa zama gaskiya, don haka gara in gyara ta da kaina tun ina iyawa. Mutumin nan bai ruɗi kowa ba. Abin da ya gani ya faɗa, abin da bai sani ba ya ce bai sani ba. A kunnena ya zuba maganar, ni ne na rage mata nauyi kafin in kai ta gida. Amma ba za ku gane yadda aka yi ba sai kun san yadda muke da Inna, domin yawancinku kun tarar da ita ne bayan ta canja.

Ni ne ɗanta na fari, kuma Inna ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In ƙannena na kusa, ni ne "yayanku". In babu kowa, sai ta yi magana da abin da ke gabanta, turmi ne ko akuya ko bangon rumbu, ni kuma in tsinci tawa a ciki. Bayan na bar lakwal, wato makarantar boko, na koyi ɗinki, na kafa kekena a kasuwar Tasawa, duk ranar da na hau moto na bi yashin nan zuwa ƙauyenmu na ƙasar Korgom, a gindin bedin tsakar gida, itacen da wasu ke kira dogon yaro, nake samunta tana tsince gurguzun yakuwa. Ba ta ɗagowa. Sai dai ta dubi akuyarta ta ce:

"A gaya wa mai Tasawa furarshi na cikin ƙwarya tun ɗazu. In ya ga dama ya bari ƙuda su riga shi."

Ni kuma in ce wa akuyar, "To, an gode."

Haka muka rayu, kuma kada ku ɗauka zaman baƙin ciki ne. Furar tawa ce ta fi ta kowa nono. In na yi zazzaɓi a Tasawa, kafin in aika, an riga an kawo mini sassaƙe da gumba daga hannun da bai ce daga wa ba. Daddawar batso, wadda ake yi da gurguzun yakuwa, ita ce sana'arta, kuma matan garuruwan da ke kewaye da mu sun san tata da ƙamshi tun daga bakin zaure. Ban da daddawa, kanta ne rumbun garin. In ana gardamar wa ya sha nonon wa, ko wace shekara aka haƙa tsohuwar rijiya, ko kakan wane daga ina ya zo, sai a ce a je a tambayi Inna. Tana tuƙa tuwo tana warware musu, ba ta ko ajiye muciya.

Ƙanwata Dije, gwaggonku, ita ke aure a garin, kullum tana gidan. Ita ta fara lura. Inna ta sa gishiri a miya, an jima ta ƙara sawa. Ta tambayi Dije ko mijinta ya komo daga kasuwa, aka ba ta amsa, kafin ruwa ya tafasa ta sake tambaya. Ta shiga gidan maƙwabta ta tsaya a tsakar gida, ta rasa abin da ya kawo ta, ta mai da abin gaisuwa. Duk da haka tana sallarta, tana girkinta, tana daddawarta, ba mai cewa ga mara lafiya. Da Dije ta gaya mini na yi dariya, na ce ni ma nan da nake ina neman almakashi yana hannuna.

Inna ba ta yi dariya ba, domin ta taɓa ganin farkon wannan hanya. Mahaifiyarta, wadda muke kira Iya, gigin tsufa ne ya kama ta a gidan yayan Inna, Kawu Labo, can arewacin Mayahi. Iya ta kai tana fita ba a sani ba, a tsinto ta cikin gonaki, wata rana har a bakin rijiya. Da abin ya ishi Kawu sai ya riƙa ɗaure ƙofar ɗakinta da igiya daga waje in za a tafi gona. Inna ta je gaisuwa ba sanarwa, ta tarar da uwarta tana bugun ƙyaure tana kiran mutanen da suka daɗe da mutuwa. Ta koma gida da abin a ranta. Sai da Iya ta rasu, a wurin zaman makoki, gaban manyan gari, ta dubi yayanta ta ce ya ɗaure wadda ta goya shi kamar akuya, kuma ƙafarta ba za ta ƙara taka gidansa ba. Ta cika maganarta. Shekaru suka yi ta wucewa, sai dai 'yan kasuwa su kawo labarin cewa yana raye.

Wata ranar bazara na zo, Dije na daka, sai Inna ta yi magana da turmin.

"Ku ce ma yayanku ya kai ni a duba kaina. Na ga yadda Iya ta fara. In tata ce ta biyo ni, ina da inda zan je tun ina gane ƙafata."

Dije ta tsai da taɓarya. "Ina za ki, Inna?"

"Wajen Labo. Na yi mishi magana ban san abin da ya sha ba. Ni na zo na ga rana guda, shi kuwa shekaru ya yi da ita. Ina so in roƙe shi gafara da bakina, ina sane da abin da nike roƙo."

Majon likitar Korgom, wato babban malamin jinya na asibitin garin, ya auna ta, ya ce jininta ya ɗan hau, sauran kuma ya fi ƙarfinsa. Ya tura mu Maradi. Muka tafi mu uku. Likitan da ya gan mu ba tsoho ba ne, kuma da jin Hausarsa ɗan ƙasar nan ne. Bai taɓa ta da ƙarfen awo ba sai daga baya. Hira ya fara yi da ita. Ya tambaye ta yau wace rana, ta ce ita da kasuwanni take sanin kwana, ta kuma faɗa daidai. Ya ce ta bayyana masa yadda ake daddawa tun daga gurguzu har shanya, ta jero masa tas, har da gargaɗin kada ya kuskura ya buɗe tukunya kafin lokacinta. Sannan ya ce ta faɗa masa sunayen 'ya'yanta. Ta fara daga Dije ta gangaro har auta. Likita ya nuna ni da biro.

"Wannan fa, Inna? A hanya kika tsince shi?"

Inna ta kau da kai ta ja mayafi. "Kai yaro, ba ka da uwa ne?"

Ya yi dariya har da buga teburi. "Ina da ita, kuma ni ma ɗan fari ne. Wannan ba mantuwa ba ce, na yafe miki shi."

Daga nan ya ba ta kalmomi uku ta riƙe masa: goro, raƙumi, tsintsiya. Ta maimaita, tana mamakin aikin banzan da aka zo da ita Maradi ta yi. Ya ɗauke ta da wata hira, ya auna jini, ya duba idonta da kunnenta, sannan ya ce ta ba shi ajiyarsa. Ta ce goro. Ta tsaya. Ya ce akwai wata dabba. Ta ce akuya. Ya ce mai dogon wuya ce, Buzaye na hawa. Ta ce ai wannan raƙumi ne, kowa ya san shi, amma ita ba a ba ta ajiyar raƙumi ba. Muka yi dariya ni da Dije. Na dubi likita na ga shi bai yi ba.

Da sakamakon jini ya fito, ya bar Dije da Inna a benci ya kira ni ciki ni kaɗai, don ni ne babba. Maganarsa na nan a kaina kamar yau aka yi ta.

"Malam Isuhu, abin da ke gare ta yanzu ba gigin tsufa ba ne. Mantuwa ce da ta wuce ta shekarunta, amma har yanzu tana riƙe da gidanta da sana'arta. Masu irin wannan, wasu sukan tsaya nan har ƙarshen rayuwarsu. Wasu ma sukan samu sauƙi, in an gano ƙarancin jini ne ko rashin barci ko damuwa. Wasu kuma abin gaba yake yi."

Na ce, "Ita a wanne take?"

"Ban san gaibu ba, kuma duk wanda ya ba ka rana ƙarya yake. Amma zan gaya maka inda alamu suka karkata. Jininta bai nuna wani abin da zan gyara in ce shi ne ba. Sabon abu ne ba ya zama a kanta, ko an tuna mata ba ya dawowa. Ƙanwarka ta ce bana ya fi bara. Ga kuma abin da ya sami mahaifiyar Inna. Waɗannan in sun taru, sun fi nuna gaba da tsayawa. Kada tsofaffin labaranta su ruɗe ka, su ne ke fita ƙarshe. A kula da hawan jinin, kada a raba ta da mutane da aikinta, ku komo bayan damina in sake gwadawa in kwatanta. In kuma akwai abin da take son yi da hankalinta, kada a jira. Ka fi ni sanin yadda za ka gaya mata."

A nan ne kawai ya yi kuskure, da ya ɗauka na sani. Na fito na same su a benci. Muka shiga motar Tasawa, Inna a bakin taga, Dije a tsakiya, ni a gefe. Sai da muka bar gari sannan Inna ta yi magana, fuskarta na kallon gilashi.

"Mi likita ya ce ma yayanku?"

Ga Dije a tsakani, ga fasinjoji, ga matar da ban taɓa yin magana mai nauyi da ita ba tun da ta haife ni. Na buɗe baki na ji kaina ina cewa:

"Ya ce tsufa ne kawai. A sha maganin hawan jini."

"Alhamdu lillahi," in ji Inna. Ta sauke ajiyar zuciya, ta gyara zama. "To ba gaggawa ke nan. Ba a zuwa neman gafara hannu rabbana kamar mai bara. Bari a yi kaka, yakuwa ta nuna, in yi mishi daddawa sabuwa. Tun yana saurayi ba ya cin miya sai da ita."

Na daɗe ina ce wa kaina tausayi ne ya sa. Akwai tausayi a ciki, ban musa ba. Amma mafi yawa tsoro ne: in na faɗa da bakina, abin ya tabbata. Kuma kunyar nan da ke tsakaninmu, wadda ta yi mana ado shekara da shekaru, ranar nan na mai da ita wurin ɓuya. Da na gaya wa Dije ma ya isa, ita ta san yadda ake shigar da magana kunnen Inna. Ban gaya mata ba.

Daminar nan kuwa ta yi kyau, har yau in na rufe ido ita nake gani. Gero ya rufe hanya, in ka taho a moto ganye na dukanka a gwiwa. Na riƙa zuwa fiye da yadda na saba, Dije har tana tsokanata wai ko wata na gani a garin. Da la'asar mata kan taru a gindin bedi suna ɓarar gyaɗa, Inna na ba su labarin shekarar da aka ci ganye, da yadda aka kawo ta aure a kan jaki, jakin ya ƙi tsallake fadama sai da aka ɗauke ta a ka. Tana yin waƙar daka ta zamanin ƙuruciyarta ba ta tsallake baiti. Ni ina zaune a bakin rumbu ina shan fura, ina ce wa zuciyata: dubi wannan, wane likita zai ce kanta na da ciwo? Abin da mutumin ya ce kada ya ruɗe ni, shi na jingina da shi.

Kaka ta zo, shekarar kuma Sallar layya ta faɗo kusa da ita. Kun san bakin tela. Yadi ya taru har saman keke, kowa na ce masa gobe. Inna ta aiko Dije ta tambayi ranar tafiya, na ce bayan Sallah. Bayan Sallah aka shiga bukukuwan aure, na ce in an rage. Komawa Maradi kuwa ban ko tayar da zancen ba, don na san abin da za a kwatanta. Daddawar Kawu da Inna ta dafa ta lalace a tukunya. Ta rufe ta ta manta, sai wari ya tona. Dije ta zubar a ɓoye, ta ce mini gurguzun ne bai yi kyau ba, ni kuma na karɓa da hannu biyu. Daga nan Inna ta rage tambayar tafiya, sannan ta daina. Ku ji irin wautata: shirun nan nata sai na ɗauke shi sauƙi.

Bazara ta kewayo. Wata rana da hantsi na iso, na jingine moto a bakin zaure. Akwai mata a tsakar gida sun zo aron turmi, Dije na wanke-wanke. Inna na zaune a inda ta saba. Ta ɗago kai, ta dube ni cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba, fuskarta ta washe kamar ta yarinya.

"Isuhu! Ka zo? Zo nan kusa in gan ka. Kai, ka rame, Isuhu."

Wata mata ta rufe baki da gefen zane. Kwanon da ke hannun Dije ya faɗi. Ni kuwa na je na durƙusa a gabanta, ta dafa kaina, tana ta maimaita sunan kamar mai ɗanɗana shi. Ba zan ɓoye muku ba, tun ina yaro nake son jin wannan, kuma ya yi daɗin da ba ni da kalmarsa. Cikin daɗin nan ne na gane cewa Innar da ta riƙe sunan nan a cikinta tsawon rayuwata ba za ta taɓa sakinsa gaban matan gari ba tana sane. Abin da likita ya ce ya fi yiwuwa, ga shi ya iso.

A bayan rumbu na gaya wa Dije duk abin da aka faɗa mini a Maradi. Ba ta yi kuka ba a lokacin.

"Yaya, shekara guda kana riƙe da wannan? Ina nan ina zubar da daddawa a ɓoye don kada hankalinka ya tashi, ashe kai ka riga kowa sani?"

"Na ji tsoro ne, Dije."

"Tsoron naka ne, lokacin kuwa nata ne. Gobe za mu Mayahi. In kana da ɗinki ka bari mu tafi."

Washegari muka kama hanya. Dije ta sayi daddawa a kasuwar Tasawa ta ƙulle a tsumma, don kada a je hannu wofi. Inna ta yi ta murna da tafiyar, tana nuna raƙuma ta taga, lokaci lokaci tana tambayar bikin wa za mu. Daga Mayahi muka ɗauki amalanke zuwa garin. Kawu Labo muka same shi a zaure a kan buzu, ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi hazo. Da aka ce masa ga ƙanwarsa, ya yunƙura zai tashi bai iya ba, ya miƙo hannuwa biyu yana laluben iska. Inna ta durƙusa nesa kaɗan, ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi iyali da gajiya, irin gaisuwar da ake yi wa maigidan da aka sauka a gidansa.

Dije ta ce, "Inna, Kawu Labo ne fa. Yayanki."

"Labo?" Ta dube shi da kyau, ta yi murmushi. "Labo ai yana gona. Dogo ne, baƙi, ba shi da furfura."

Ni na ɗauki maganar, tun da ni na jawo. Na gaya wa Kawu abin da ta ce a gaban turmi, kalma da kalma: cewa ita rana guda ta gani, shi shekaru ya yi, kuma ta so ta roƙe shi da bakinta. Na gaya masa dalilin da ya sa ba ta zo bara ba, ban rage komai ba. Ya murza carbinsa, ya juyo wajena.

"Ni na yafe mata tun kafin a tashi daga makoki," in ji shi. "Gaskiya ta faɗa. Na ɗaure ƙofar, da hannun nan. Ban san wata dabara ba, amma na ɗaure. Iya ta tafi ba ta san ni ba balle in roƙe ta. Wannan kaɗai ta rage da ta ji bugun ƙyauren nan. Shekarun nan duka ina cewa in ta zo, ni zan roƙa."

Ya juya wajen da yake jin numfashinta.

"Ƙanwata, ki yafe mini abin da na yi wa Iya."

Inna ta ga tsoho na hawaye, tausayi ya kama ta. Ta matsa kusa, ta ce da muryar lallashi:

"Haba bawan Allah, bar kuka. Ko mi ka yi, Allah shi yafe mana baki ɗaya."

Kawu ya ce amin, muka ce amin. Har na fara jin sanyi a raina, ina cewa ko ba komai an samu. Sai ya laluba ya kama hannuna, ya jawo ni kusa, ya yi ƙasa da murya don kada ta ji.

"Ɗana, na karɓa, don babu wata. Amma wannan gafarar ko wa ta tarar a zauren nan za ta ba shi."

Bai zage ni ba, bai ƙara ko kalma a kai ba. Ya sa aka yanka mana kaza, aka yi miya da daddawar da muka kawo, ya ci ya yaba, Dije ba ta ce masa ta kasuwa ce ba. Inna ta rayu shekaru bayan haka a hannun Dije da nawa, shi kuma bai ga damina ta biyu ba.

To, ku daina ɗora wa likitan Maradi. Yanzu ni ne na kai shekarun da ake kai mutum a ba shi ajiyar kalmomi. Ranar da kuka kai ni, kada wanda ya bar ni a benci ya shiga shi kaɗai. Ku shiga da ni. In an ce ba a sani ba, in ji da kunnena. In an ce alamu sun karkata, in ji inda suka karkata. Ni ma ina da gidajen da zan shiga.